Wai da gaske ne tauraron ɗan'adam ma yana tsatsa a can sama?

Auwalu Mai Walda: Assalamu alaikum 'yan gida. Tambaya gare ni ga malamanmu na kimiyya. Jiya wani yaron shagona ɗan sakandare ya ce wai malaminsu ya gaya musu iskar oksijin na cin jikin taurarin ɗan'adam a sararin samaniya. Na ce masa ya rufe min baki. Mu da oksijin muke aiki kullum, a tukunya muke sayenta. Kuma kowa ya san can sama babu iska, shi ya sa 'yan sama jannati ke goya tasu a baya. Wurin da babu iska, babu raɓa, babu damina, me zai ci ƙarfe? Ko yaron ne bai fahimci karatun ba?

Malam Habibu: Wa alaikumus salam. Auwalu, gobe da safe ka nemi yaron nan ka ba shi haƙuri, ka haɗa masa da kuɗin shayi. Da gaskiyarsa.

Iskar duniya ba ta yankewa lokaci ɗaya kamar an ja layi. Raguwa take yi a hankali. Inda tashar ISS, wato tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa da 'yan sama jannati ke zama a ciki, ke kewayawa, wajen kilomita 400 daga ƙasa, akwai ɗan ragowarta, ba ta isa a shaƙa ba ko kusa, amma tana nan. Kuma mafi yawan wannan ragowar oksijin ce. Sai dai ba irin ta tukunyarka ba. Wadda muke shaƙa ƙwayoyin zarra biyu ne a manne, miji da mata, sun samu natsuwa. A can sama, hasken rana mai ƙuna wanda ake kira UV yana raba auren. Da yake wurin fili ne fetal, kowace ƙwaya ta daɗe tana yawo ba ta gamu da 'yar'uwarta ba. Ni a aji gwauron oksijin nake ce masa. Duk abin da ya tarar, da shi zai ɗaura aure, ko ana so ko ba a so.

Sadiya Aliyu: Malam, to me ya sa babu gwauron a nan ƙasa? Ai nan ma rana na dukanmu.

Malam Habibu: Sadiya, dalili biyu. Irin hasken da ke iya raba su, iskar da ke sama ta shanye shi kafin ya iso mu. Sannan a ƙasa-ƙasa cunkoso ne, ko an raba su nan take kowa zai samu abokin zama. A tsakanin kilomita 15 zuwa 35 gwauron kan liƙe wa ma'aurata su zama uku, wannan ita ce iskar ozon da kuke karantawa.

Auwalu Mai Walda: To na ji akwai shi. Amma kai da bakinka ka ce ɗan kaɗan ne. Ɗan kaɗan zai cinye kumbo?

Malam Habibu: Gudu ne ke kawo ɓarnar. Kumbon da ke wannan tsayin yana tafiyar kusan kilomita 7.7 a daƙiƙa ɗaya. Ka ƙaddara Kano zuwa Kaduna cikin rabin minti. Ba iskar ce ke zuwa ta same shi ba, shi ne ke kutsawa cikinta, kamar ɗan acaɓa cikin yayyafi: yana tsaye da ƙyar zai jiƙe, yana gudu gaban rigarsa ya yi sharkaf, bayanta a bushe. Ƙarfin karon ya isa ya tsinka ɗaurin da ke riƙe da ƙwayoyin roba da leda. Gwauron ya kama kabon ya zama hayaƙi, ya kama haidirojin ya zama tururi, su tashi su bar jikin kumbon. Ba ka ganin komai yana faɗuwa, abu dai sai ƙara sirancewa yake.

Injiniya Maryam: Malam Habibu ya yi bayani, Allah ya ƙara basira. Amma Malam Auwalu, kada ka ba yaron haƙurin duka, ka riƙe rabi. Ƙarfe ba shi ne abin tausayi ba. Alminiyom da ake gina yawancin jikin kumbo da shi, da oksijin ya taɓa shi sai ya yi wata 'yar fata mai tauri a sama, ita kuma ta kare na ciki. Zinariya ko a jikinta. Waɗanda ke shan wuya su ne dangin roba, fenti, gam, da zaren kabon. A cikin ƙarafa, azurfa ce mai rauni: tana yin baƙi, ta kumbura, ta ɓare, sabuwa ta fito a sake ci. Kuma da siraran azurfa ake haɗa ƙwayoyin farantin sola a da, ka ga matsala. Akwai wani ƙarfe osmiyom, shi kam idan ya haɗu da oksijin ɗin hayaƙi yake zama ya gudu gaba ɗaya.

Baba Ɗanjuma: Sannunku da ƙoƙari yara. Maryam 'yata, tunda kin ambaci zinariya, wannan abin mai ruwan gwal da muke gani an naɗe taurarin da shi a talabijin, zinariya ce? Na daɗe ina cewa Turawan nan akwai almubazzaranci.

Injiniya Maryam: Baba, barka da warhaka. Yawanci ba zinariya ba ce. Wata leda ce mai suna Kapton, kamfanin DuPont ya fito da ita a shekarun 1960. Launinta kamar zuma, sai a shafa mata alminiyom a baya, shi ne take ƙyalli kamar gwal. Ana jera ta falle-falle da wasu ledoji a yi bargo, don kada rana ta dafa na'urorin, kada kuma sanyi ya daskarar da su. Tana jure zafi da sanyi sosai. Abin takaicin, ita ce abincin gwauron da ya fi so. Har ta kai da ita ake auna sauran kaya, a ce wannan yana cinyewa rabin Kapton, wancan kashi ɗaya cikin goma.

An fara lura da abin ne a tafiye-tafiyen farko na jirgin Shuttle na Amurka, daga 1981. Da yake shi yana dawowa ƙasa, sai injiniyoyi suka ga bargunan da suka tafi suna sheƙi sun dawo a dushe bayan 'yan kwanaki kacal. A 1982 kuma 'yan sama jannati suka ɗauko hoton wani haske ja-ja mai ruwan lemo yana lulluɓe da wutsiyar jirgin a cikin duhu, a ɓangaren da ke fuskantar gaba. Shi ma aikin wannan oksijin ɗin ne.

Baba Ɗanjuma: Ikon Allah. Ashe leda ce.

Malam Habibu: Ni labarin da ya fi burge ni shi ne na LDEF. Wani ƙaton gwangwani ne mai fuska 12, tsawonsa wajen mita 9, kamar motar safa. Babu inji, babu mutum. NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, ta manna masa gwaje-gwaje 57 da dubban gutsattsarin kaya, fenti iri-iri, roba, gilashi, ƙarafa, har da irin tumatir miliyoyi. Jirgin Shuttle mai suna Challenger ya kai shi a Afrilun 1984, da niyyar a ɗauko shi kafin shekara ta cika. Aka yi ta ɗagawa, sai kuma Challenger ya yi hatsari a Janairun 1986, aka dakatar da tashi. Gwangwanin nan ya yi ta kewaya duniya shi kaɗai har Janairun 1990, da jirgin Columbia ya je ya kamo shi, lokacin ya sauko ƙasa sosai, saura ƙiris ya faɗo ya ƙone. Wata 69 ke nan.

Jinkirin ya zama alheri. An tsara shi ne yadda fuska ɗaya kullum ita ce a gaba, ɗaya kullum a baya, don haka aka samu abin kwatantawa. A gaba, lissafi ya nuna oksijin ɗin da ya bugi wurin ya isa ya cinye Kapton mai kaurin kusan kwatan milimita. Fallen bargo kuwa bai kai haka ba, don haka wasu ledojin ba a same su ba sam, wasu sun zama tsumma. A baya kuma kusan lafiya lau ta wannan fannin. Idan aka sa wurin da aka ci a madubin ƙara girma, sai a ga ya yi tsini-tsini kamar gashin darduma, duk suna kallon inda iskar ta fito.

Sadiya Aliyu: Malam, an ce mafi yawan cin a ƙarshe-ƙarshe ya faru. Me ya sa?

Malam Habibu: Haka ne, a shekarar ƙarshe. Yana saukowa iskar na ƙara kauri. Kuma ya dace da lokacin da rana ke kan ganiyarta. Rana na da zagaye na kusan shekara 11, ta yi zafin rai ta huce. Idan ta taso, iskar sama takan kumbura ta hau, sai tauraron da ke tsayi ɗaya ya tsinci kansa cikin oksijin ninkin-ba-ninkin na da.

Kabiru Na Zariya: Yauwa! Yanzu na gane abin da ya kashe mana NigComSat-1, tauraron sadarwar Najeriya. An harba shi 2007, bai yi shekara biyu ba aka ce farantin solarsa ya lalace. Ashe gwauron Malam ne ya cinye mana biliyoyi, ana ta zagin mutane a banza.

Injiniya Maryam: A'a Kabiru, kada ka ɗora wa gwauro laifin da bai ji ba bai gani ba. NigComSat-1 yana can kilomita 35,786 ne, inda taurarin sadarwa ke tsayawa saitin wuri ɗaya. Babu wannan oksijin a can. Matsalar wutar lantarki ce daga ɓangaren farantan solarsa ta kashe shi a Nuwamban 2008, aka maye gurbinsa da NigComSat-1R a Disamban 2011. Waɗanda abin ya ɗan shafa su ne masu ɗaukar hoto, NigeriaSat-1 na 2003 da NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X na 2011, su suna wajen kilomita 700. Ko a can ma iskar ta yi siriri ƙwarai idan aka kwatanta da inda ISS take.

Kabiru Na Zariya: To shi ke nan, a ci gaba da zagin.

Malam Habibu: Amma dai Injiniya za ki yarda cewa a kusa da duniya babu maƙiyin da ya kai shi. Ko madubin hangen nesa na Hubble, da aka je gyara a 1997, an tarar bargonsa ya tsattsage, sai faci aka yi masa.

Injiniya Maryam: Malam, da girmamawa, a nan zan saɓa maka sau biyu. Na farko, bargon Hubble na waje wata leda ce mai suna Teflon, kuma binciken da aka yi kan gutsuren da aka dawo da shi ya fi ɗora laifin a kan ƙwayoyin radiyeshan da kuma shiga zafi da fita sanyi. Duk minti casa'in da 'yan kai yana shiga inuwar duniya ya fito, sau dubbai a shekara. Ledar ta yi tauri ta rasa laushinta, sai ta fashe. Oksijin sirantar da abu yake, wannan kuwa karyewa ce.

Na biyu, ni a ganina ɓarawon gida ya fi na waje ɓarna. Gwauron oksijin an san shi, an san inda yake, ana iya lissafa abin da zai ci a shekara goma a ƙara kauri ko a yi rufi. Dauɗar da kumbo ke fitarwa daga jikinsa ita ce mai zuwa ba sallama, kuma tana bin sa ko'ina, har inda babu oksijin ko ɗaya.

Auwalu Mai Walda: Hajiya, wace dauɗa kuma? Ba a ɗakin da ake sa fararen kaya da hula da safar hannu ake haɗa su ba?

Injiniya Maryam: Wancan ƙura da gashi da zufar mutane yake hanawa. Ka taɓa shiga sabuwar mota ka ji wannan ƙamshin? Ka kuma lura idan ta kwana biyu a rana, gilashin gaba ta ciki yana yin wani hazo mai maiƙo ko ba wanda ya taɓa? Robar dashbod da kujeru da gam ne ke fitar da tururi, ya je ya kwanta a gilashi. To a sararin samaniya babu iskar da za ta danne shi, don haka fitar ta fi yawa. Gam, fenti, rigar waya, man shafawa, har ruwan da bargo ya tsotsa tun yana ƙasa, duk suna fita a hankali. Kuma tururi wuri mafi sanyi yake nema ya kwanta. Mene ne mafi sanyi a jikin kumbo? Madubi, idon kyamara, da farantin da ke fitar da zafi. Wato daidai wuraren da ba a so.

Kumbon Cassini da ya tafi duniyar Zuhal, bayan ya wuce Mushtari, a 2001 hotunan kyamararsa ɗaya suka fara fitowa da hazo kewaye da taurari. Babu mai zuwa ya goge. Sai dai aka yi ta ɗumama kyamarar daga nan ƙasa, karo bayan karo, har abin ya tashi a 2002. Madubin hangen nesa Gaia na Turai da aka harba a Disamban 2013, ƙanƙara ta riƙa kwanciya a madubansa. Wani madubin hangen nesan, Euclid, da aka harba a Yulin 2023 shi ma haka, ƙanƙarar da kaurinta bai kai a gani da ido ba ta fara rage masa gani. A Maris 2024 suka ɗumama madubi ɗaya, hasken da ke shiga ya ƙaru da kusan kashi 15 cikin ɗari. Duk waɗannan sun yi nesa da inda gwauro yake.

Malam Habibu: Na karɓi gyara a kan Hubble, na gode. Amma a kan na biyun ban sallama ba. Naki ana ɗumamawa ya tashi. Nawa abin da ya ci ya ci, babu maidowa.

Injiniya Maryam: Ruwa ne ke tashi, Malam. Idan maiƙo ne kuma hasken UV ya gasa shi, ya zauna ke nan, sai ya yi ta duhu. Farin fenti ya koma ruwan ƙasa, ya fara shan zafin da aka sa shi ya kore, na'urorin ciki su yi ta ɗumi shekara bayan shekara.

Nura Mai Gilashi: Ku yi haƙuri na shigo a makare. Ni aikina tagogin alminiyom, kullum hannuna cikin gam ɗin silikon yake. Shi ba ya jin rana ba ya jin ruwa. Me zai hana a shafe kumbon da shi kowa ya huta?

Injiniya Maryam: Malam Nura, ka taɓo inda ni da Malam Habibu za mu haɗu dole. Ana amfani da dangin silikon sosai a kumbo, da shi ake manna gilashin da ke rufe ƙwayoyin sola. Kuma gaskiyarka, oksijin ba ya cinye shi kamar Kapton. Abin da yake yi shi ne ya ƙone ɓangaren kabon ɗin ya bar silika, wato sinadarin yashi da gilashi. Saman ya zama ɓawon gilashi, ya tsuke, wani lokaci ya tsattsage.

Ɓarnar ita ce silikon ma yana fitar da tururi. Tururin ya tashi ya sauka a kan madubi ko farin fenti. Da a bar shi, wataƙila ya sake tashi idan wurin ya yi zafi. Sai gwauro ya zo ya mayar da shi gilashi a nan inda ya sauka, ya rufe har da sauran maiƙon da ke wurin, rana kuma ta gasa su su yi duhu. Da aka dawo da LDEF an ga wannan tabon a wurare da yawa, ruwan ƙasa kamar haƙorin mai shan taba, musamman kusa da kafofin da tururin cikin ke fita. Da ɗan gari akan ci gari.

Nura Mai Gilashi: Tabɗi. Wato gam ɗina ne ɗan garin.

Sadiya Aliyu: Anti Maryam, to yaya ISS ta yi sama da shekara ashirin a wurin, farantan solarta kuma an ce a kan Kapton aka shimfiɗa su?

Injiniya Maryam: Rufi aka yi musu, ƙanwata. An fesa wa ledar wani siririn gilashi na silika, kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na silin gashi ba. Abin da ya riga ya ƙoshi da oksijin, oksijin ba shi da abin yi da shi. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙwayar ƙura ɗaya lokacin feshin, ko ƙarzuwa wajen naɗewa, ta bar ɗan huji. Gwauron ya shiga ta nan ya yi ta tsalle a ciki yana rarake ledar ta ƙarƙashi, kogon ya fi bakin hujin faɗi nesa ba kusa ba, kamar aikin gara a azara. Daga waje lafiya, ciki fanko. Shi ya sa tun 2001 ake rataye akwatunan gwaji a jikin tashar, shirin da ake kira MISSE, a bar kaya shekara ɗaya zuwa huɗu a dawo da su a auna.

Ta ɓangaren dauɗa kuma akwai jarrabawar da kaya ke ci kafin a yarda da su. A sa gutsuren a wurin da aka zuƙe iska, a gasa shi a digiri 125 na ma'aunin Celsius na awa 24, a ajiye faranti mai digiri 25 kusa da shi. Kada nauyinsa ya ragu da fiye da kashi 1 cikin ɗari, kada abin da ya kwanta a farantin ya wuce kashi 0.1. Silikon ɗin kasuwa ba ya tsallake wannan, akwai wanda ake tacewa musamman. Bayan haka ma sai a gasa kayan da aka haɗa na kwanaki, su fitar da abin da za su fitar tun suna ƙasa.

Kabiru Na Zariya: Ni fa ban ga abin wahala ba. A hau sama sosai inda babu shi mana.

Malam Habibu: Ai kasuwa ƙasa take jawo su, Kabiru. Kusa da duniya hoto ya fi fitowa, saƙon intanet ya fi sauri, harbawa ta fi araha. Turai ta yi aiki da tauraron GOCE daga 2009 zuwa 2013 a wajen kilomita 255. Japan ta saukar da tauraronta Tsubame har kilomita 167 a 2019, kuma cikin aikinsa har da auna wannan oksijin da yadda yake cin kaya. Sai dai iskar nan ba ci kaɗai take yi ba, tana riƙe gudu. A Fabrairun 2022 kamfanin SpaceX ya harba taurarin intanet na Starlink 49, guguwar rana ta kumbura iskar, 38 suka faɗo suka ƙone.

Baba Ɗanjuma: To shi wannan gwauro babu wani alheri nasa ko ɗaya?

Malam Habibu: Akwai, Baba. Masu bincike a cibiyar NASA ta Glenn da ke Cleveland, waɗanda ke ƙera shi a ɗakin gwaji don jarraba kaya, sun gano yana cinye baƙin hayaƙi ya bar yawancin launukan fenti, tunda su sun riga sun ƙoshi da oksijin. Sun tsabtace zane-zanen wani coci da gobara ta turnuƙe da shi. Har wani zanen Andy Warhol, shahararren mai zanen Amurka, da wata ta sumbata ta bar masa jan-baki, da shi aka cire, ba tare da an goga komai a jiki ba.

Auwalu Mai Walda: Malam, wannan na'urar ba a samunta a nan? Akwai silin ɗin ɗakin girkin maiɗakina, shekara uku ina cewa zan yi fenti.

Nura Mai Gilashi: Ka fara biyan yaro kuɗin shayinsa tukuna.

Auwalu Mai Walda: Rabi zan ba shi. Injiniya ta ce ƙarfe ba ya ciki.

Injiniya Maryam: Ban ce haka ba, Malam Auwalu. Azurfa ƙarfe ce. Ka cika masa.